Wanda Ya Riƙe wa Leah Waya a Bruges

"Yau dai za ki gaya masa," in ji Joel.

"Yau coci zan nuna masa." Leah ba ta ɗauke ido daga tagar jirgin ƙasa ba. Shanun Beljiyam ne a waje, ƙosassu, suna tsaye cikin ciyawa babu makiyayi, kamar manyan ma'aikata da suka fito shan iska.

"Leah, jibi Litinin. Ko in sa hannu in karɓi aikin nan, ko in ce musu na fasa. Ba zan yi ko ɗaya ba sai na san inda kika tsaya."

"Ai ka san inda na tsaya."

"Na san inda kika tsaya jiya. Shekaranjiya kuma wani wurin ne daban."

Ta san ba ƙarya ya yi ba.

Leah 'yar Buwai ce, dattijon coci a Unguwar Shago, wani ɗan ƙauye bayan Rimin Gado inda gonar wannan take ƙarewa a bakin ta wancan. Ta zo birnin Ghent karatun digiri na biyu a kan ƙasar noma. Har yau mutanen ƙauyen ba su gama yarda cewa ana hawa jirgin sama don a je a karanci ƙasa ba. A can ta haɗu da Joel, ɗan wajen Shanono. A gida tafiyar babur ce tsakanin garuruwansu, amma ba su taɓa ganin juna ba, sai da suka zo ƙasar Turawa suka yi karo a wani kanti, kowa ya miƙa hannu kan ƙullin kuɓewa guda da ya rage.

Yanzu Joel ya gama karatu, wani kamfanin iri ya ba shi aiki, kuma yana so su yi aure su zauna. Ita ma tana so. Matsalar ita ce ranar da za ta taho, a tashar Rimin Gado, ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Ina gamawa zan dawo, Baba. Ba zan bar ka kai kaɗai ba." Babu wanda ya nemi ta faɗi haka. Inna ba ta daɗe da rasuwa ba, yayyenta maza kuma suna Legas, suna aiko da gaisuwa a kan kari. Baba bai ce komai ba a ranar. Ya dafa kanta kawai, kuma har yau tana jin nauyin hannun.

Baba bai san akwai wani Joel a duniya ba.

"Ka ji yadda za mu yi," ta ce, da suka sauka a tashar Bruges. "Kai ne mai riƙe waya. Ba ka magana, ba ka tari."

"In ya tambayi wanda ya riƙe fa?"

"Ƙawata ce, Baturiya. Ba ta jin Hausa."

Joel ya shafa gemunsa. "Baturiya... To, Allah ya nuna mana."

"Iyayenka ba su je gaisuwa ba, Joel. Kana so ya fara ganinka kana yawo da 'yarsa a gari?"

Bai musa ba. Ya san ƙa'idar garinsu sarai, ita ce ma take ba shi haushi.

Dalilin tafiyar kuwa Baba ne. Bangon cocin Unguwar Shago ya tsage a daminar bana, dattawa suka rabu biyu: masu cewa a sake gini da bulon siminti, da masu cewa a koma wa ƙasa. Baba ne shugaban 'yan ƙasa, kuma ƙuri'a tana neman kufce masa. Da ya ji akwai wani tsohon birni kusa da makarantar 'yarsa, cike da coci-coci da suka girmi kakan kakansa, sai ya ce yana so ya gani da idonsa yadda masu abin suka gina nasu.

Suka bi wasu lunguna shimfiɗe da duwatsu, suka ƙetare gada, suka tsaya a ƙofar babban cocin birnin. Leah ta gyara ɗankwali ta kira.

Fuskar da ta fara fitowa ta Malam Sama'ilu ce, maƙwabcin gonar Baba kuma abokinsa tun suna kiwon awaki. Shi ne mai babbar waya, kuma waya ba ta kamawa a ƙauyen sai a kan tudun da ke gindin ɗorawa, don haka a can suka shimfiɗa tabarma. Bayansu ana hango damman gero a jingine, da Goggo Larai, ƙanwar Baba, tana ɓarar gyaɗa tana yi kamar ba ta saurare.

"'Yata, kin yi fari," in ji Malam Sama'ilu. "Ba sa ba ku rana ne?"

"Sai an nema a rubuce, Malam."

Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. "Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, bai taɓa kiranta da wani suna ba. "Kina lafiya? Ya sanyi? Wa ya riƙe miki wayar?"

"Wata ƙawata ce, Baba. Baturiya."

"To, ki gaishe ta. Mu shiga."

Suka shiga. Rufin ya yi sama har wuya ya gaji da bin sa. Haske yana ratsowa ta gilasai masu launi yana zuba a ƙasa, ja da shuɗi. Ga ginshiƙai kowanne sai mutum uku sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Joel ya bi ko'ina da wayar a hankali, Leah tana gaba tana bayani da hannuwa kamar malamar firamare.

Tsofaffin biyu suka ƙura wa wayar ido.

"Ikon Allah," in ji Baba daga baya. "To ina mutanen?"

"Ga su nan, Baba."

"Waɗannan masu gajeren wando? Sujada suka zo?"

"Kallo suka zo."

"Kallon me? Wani abu ya faru ne?"

"Ginin suke kallo, Baba, kamar mu. Ran Lahadi ana sujada, amma ba sa cika shi."

Malam Sama'ilu ya leƙo. "Buwai, in ba sa amfani da shi sosai, ka roƙa mana aro mu riƙa Juma'a."

"Kai da sahu biyu ke gagararka ran kasuwa?"

"Ai da irin wannan inuwar, har kai sai ka zo."

Leah ta yi dariya har wata tsohuwa mai tsaron wurin ta ɗaga mata gira. Ba ta lura da abin da Joel yake yi ba, illa dai ta ga tana yawan sunkuyawa kafin ta kalli wayar. Wani baƙo mai ƙatuwar kyamara ya lura. Ya ga saurayi ya durƙusa a tsakiyar coci yana ɗaukar hoto daga ƙasa, ya ɗauka wata sabuwar dabara ce ta gwanaye, shi ma ya durƙusa a gefensa.

Da lokacin azahar ya yi a gida, Malam Sama'ilu ya ce zai je salla, wayarsa kuma tare suke tafiya. Aka yi sallama zuwa anjima.

Suka sayi soyayyen dankali a cikin takarda, suka zauna a bakin ɗaya daga cikin magudanan ruwan da suka ratsa birnin. Kwale-kwale suna wucewa cike da baƙi, kowa yana ɗaukar hoton kowa.

"Ina son tsohon nan," in ji Joel.

"Kowa yana son sa."

"Shi ya sa nake jin kamar ɓarawo." Ya ajiye dankalin. "Masoyiyata, ki dube ni. Ba son Turai ne ya kama ni ba. Kin san ƙannena uku suna makaranta, kin san wa suke kallo. In na koma yanzu, da me zan koma? Da takardar da za a ajiye a ƙasan akwati?"

"Na sani."

"To ki ce wani abu."

"Me zan ce? In na zauna, na ci amanar Baba. In na tafi..." Ta mai da ido kan ruwan. "Kullum da yamma yana zama a ƙofar ɗakin Inna, Joel. Goggo ta gaya min. Ba ya shiga, ba ya tashi."

Ya kama hannunta. Yatsunsa duk gishiri da mai. "Ba zan ce ki zaɓe ni a kansa ba. Amma ba zan iya ci gaba da zama Baturiya ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ta wahala game da Joel: ba ya barin mutum ya yi kuka cikin natsuwa.

"Bari mu gama cocin ƙarshe," ta ce. "Kafin mu hau jirgi zan ba ka amsa. Ko wace iri ce."

Cocin na biyu sunan Maryamu uwar Yesu yake ɗauke da shi, kuma hasumiyarsa ake hangowa daga ko'ina a birnin. Da aka sake haɗa waya, Baba ya sa aka tsaya a waje.

"Matso da ita jikin bangon. Ƙara matsowa. Uwata, ƙwanƙwasa min... Wannan ai ba dutse ba ne."

"Tubali ne, Baba. Ƙasa ce aka gasa."

"Ƙasa." Ya juya ya dubi Malam Sama'ilu kamar wanda alƙali ya bai wa gaskiya a gaban jama'a. "Ka ji ko? Ƙasa. Shekara nawa?"

"Ɗaruruwa, Baba."

"Sama'ilu, kai ne shaidata ran Lahadi."

"Ni zan shiga taron dattawan coci in ba da shaida?"

"Ka tsaya daga taga."

A ciki sai da suka yanki tikiti kafin a bar su su wuce wani sashe, abin da Leah ta ɓoye wa Baba don kada ranar ta lalace. Suka wuce wani mutum-mutumin farin dutse na Maryamu da ɗanta, wanda mutane suka yi wa cincirindo. Baba ya ce ya yi kyau, amma yaron bai yi kama da mai jin magana ba. Daga nan suka iso gaban bagade, inda ake jagorantar sujada.

Kaburbura biyu ne a jere, manya, baƙaƙe, an yi musu ado da ruwan zinariya. A kan kowanne an kwantar da siffar mamacin, hannuwa a haɗe kamar mai addu'a. Ɗaya namiji da kayan yaƙi, ɗaya mace, matashiya, da karnuka a wajen ƙafafunta.

"A cikin coci suke binne mutane?" in ji Baba.

"Manyansu, Baba. A da."

"Mata da miji ne?"

Leah ta karanta allon da ke gefe. Ta sake karantawa. 

"A'a... Uba ne da 'yarsa. Shi basarake ne, ya mutu a yaƙi. Ita ta gaje shi. Faɗowa ta yi daga kan doki tana da ƙuruciya, kusan sa'ata ce. Daga baya aka kawo shi aka kwantar a gefenta."

Ba ta da camfi, ta yi karatu. Amma mutum ya taso tun daga Unguwar Shago, ya shigo coci da tambaya ɗaya a ransa, sannan ya tarar da uba da 'ya kwance kafaɗa da kafaɗa shekaru ɗari biyar, ai ko farfesa ne sai gabansa ya faɗi. Ta ji an ba ta amsar da ta yi wa Joel alkawari. Ba ta iya kallon inda yake ba.

"Ka gani, Baba," ta ce a hankali. "Ba su rabu ba."



Baba ya daɗe yana kallo. Ana jin kukan kurciya daga kan ɗorawa, da ƙarar ɓawon gyaɗa a hannun Goggo.

"Ba ta yi aure ba ne?"

"Ta yi. Har da 'ya'ya."

"To ina mijin?"

"Yana wata ƙasa, Baba. Can aka binne shi."

"Shi kaɗai?" Baba ya girgiza kai. "Gini dai sun iya. Amma wannan, duk wanda ya shirya shi bai yi shawara da dattawa ba." Ya gyara zama. "Uwata, kin san inda uwarki take kwance. Gefe ɗaya iyakar gonar Sama'ilu ce, ɗaya gefen nawa ne, na riga na auna. Babu wurin mutum na uku. Ke sai dai ki nemi naki."

"Baba..."

"Sannan ki ce wa Baturiyar nan ta miƙe haka nan. Gwiwarta za ta yi tsami."

Leah ta juya. Joel yana durƙushe a kan dutsen coci, gwiwa ɗaya a ƙasa, kai a sunkuye, ya ɗaga waya sama da hannu biyu.

"Tun safe nake lura," Baba ya ci gaba. "In kina magana, ina ganin fuskarki daidai. Da na buɗe baki, sai hoton ya yi ƙasa, in koma kallon haɓarki. Na ce wa Sama'ilu, wannan Baturiyar a gidan mutunci ta tashi."

"Ni na ce ma daga yankinmu take," in ji Malam Sama'ilu. "Ɗazu da Buwai ya yi tari na ji ta ce sannu, da murya kamar ta mai sayar da shanu."

Goggo Larai ta saki dariyar da ta riƙe tun hantsi.

Babu sauran abin ɓoyewa. Leah ta karɓi wayar ta juya ta. Joel bai tashi ba. Ya cire hular sanyinsa.

"Barka da yamma, Baba. Mun same ku lafiya? Ya aikin gona?"

"Lafiya lau. Ɗan wane ne?"

"Joel ne sunana, Baba. Ɗan Micah, daga wajen Shanono."

"Micah mai turken awaki a kasuwar Shanono?" Malam Sama'ilu ya karɓe. "Dogo, mai tsada? Na san shi. Bai taɓa rage min ko sau ɗaya ba, amma akuyarsa ba ta mutuwa a hanya."

"Shi ne, Malam."

"To, Joel," in ji Baba, "me ya haɗa ka da wayar 'yata?"

Joel ya buɗe baki, Leah ta riga shi. Ita ma ta durƙusa a gefensa, a gaban basaraken da 'yarsa, ta faɗi komai: kantin kuɓewa, aikin da ke jiran sa hannu jibi, ƙannensa, da maganar da ta yi a tasha. Tana yi tana share ido da bakin ɗankwali. Baƙi suna ratsa su a hankali, sun ɗauka wata irin ibada ce ta mutanen Afirka.

"Na yi maka alkawari, Baba. Ban manta ba. In ka ce in dawo, zan dawo."

"Ke kika yi alkawari. Kin ji na ce na karɓa?"

"Ka dafa kaina..."

"Na dafa kanki ne don kada ki ɗago ki ga fuskata. Mota tana jira, ga mutane." Ya yi gyaran murya. "Ban sayar da bijimi na kai ki makaranta don ki dawo ki zauna kina ƙirga min tari ba."

"Kuma wai shi kaɗai," Goggo Larai ta sa baki daga baya. "Ni da nake tuƙa masa tuwo safe da yamma, itace ce?"

"Kin ji ta ko," in ji Baba. "Wa zai yi kaɗaici da wannan a gida?" Ya mai da ido kan Joel. "Kai kuma, saurara. Mu ba a waya muke ba da 'ya ba. Iyayenka su zo su gaishe ni yadda aka saba. In damina ta faɗi, ka zo da abokanka ku yi min noman gandu, kamar yadda na yi wa kakanta. Na ga hannunka ya iya riƙe waya yini guda, saura fartanya. Aure kuma a cocinmu za a ɗaura."

"Na ƙasa ko na bulo, Baba?" Bakin Joel ne ya kufce.

"Na ƙasa. Inda za ku zauna bayan nan, wannan ku da Allahnku. Ku dai riƙa zuwa ana ganinku."

"Mun gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Amin. Uwata, ki sa rigar sanyi. Sai an jima."

Hoton ya juya, ya koma ganyen ɗorawa da sararin sama. Malam Sama'ilu ya ajiye wayar a kan tabarma, kuma kamar kullum, bai kashe ba.

 Sannan suka ji Baba ya fyace hanci, ya daɗe yana yi.

"Yaron ba laifi," in ji muryar Malam Sama'ilu.

"Ba laifi." Muryar Baba ta yi ƙasa, ba irin ta ɗazu ba. "Sama'ilu... kada ka tashi tukuna."

"Ina zan je? Larai, miƙo mana gyaɗar nan."

Leah ta sa yatsa ta kashe wayar a hankali. Wannan ba nasu ba ne su ji.

Ta daɗe tana kallon baƙin gilashin. Da ta ɗago, Joel yana nan a durƙushe, idonsa ya yi ja.

"Tashi mana," ta ce.

"Ƙafar ta mutu."

Ta miƙa masa hannu biyu ta ja shi, ya miƙe yana ɗingishi, ya dafa kafaɗarta.

"Ka sa hannu ran Litinin," ta ce. "Amma kafin ka sa, ka gaya musu kana da aiki a gida duk damina."